Gyaran Mazaunin Aksil a Motar Rimot, da Hatsarin da Ke Cikinsa

Aksil shi ne siririn ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu, mazauninsa kuwa shi ne gurbin da yake kwance a jikin motar yana juyawa. A ƙananan motocin rimot gurbin iri biyu ne. Mini-Z ta kamfanin Kyosho na Japan, wadda ta fito a 1999 da girman kusan kashi ɗaya cikin 28 na motar gaske, aksil ɗinta a cikin bushi na roba yake, ko a boris mai faɗin milimita 6. In ya cinye, a kwance noti a sa sabo, magana ta ƙare. Ƙannenta kuwa, irin su Bit Char-G ta Tomy, da ZipZaps da RadioShack ya fara sayarwa a Amurka a 2002, tsawonsu bai wuce ɗan yatsa ba, kuma bakin roba biyu ne kawai ake danna aksil a ciki ya yi ƙas. Haka ma tulin marasa suna da suka kwaikwaye su, waɗanda iyaye ke saya wa yara da salla.

Yashi da zare da yawan cirewa ana mayarwa su ke cinye bakin. Da ya buɗe, sai aksil ya riƙa rawa, haƙoran giyarsa su daina cizon na inji. Alamar ba ta ɓoyuwa: inji na kuka, mota na tsaye, yaro ma na kuka.

Magani mafi aminci shi ne a yanko ɗan ƙyallen gwangwanin lemo a cusa a gurbin ya cike giɓin. Na biyu shi ne a ƙara wa bakin kauri da sufa gulu. Ƙa'idarsa huɗu ce: a cire batiri daga rimot, a fitar da aksil, a ɗiga gam a kan takarda a laƙato da tsinken sakace, sannan a bari ya bushe sarai kafin a mayar da ƙarfen bayan an shafa masa basilin. Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin halin gam ɗin. Harry Coover ne ya gano amfaninsa, aka fara sayar da shi a 1958 da sunan Eastman 910. Danshi ke sa shi kamawa, fatar mutum kuwa ba ta rabuwa da danshi. Ga shi tsinkakke kamar ruwa, duk inda ya ga siririyar kafa sai ya bi ta da kansa.

Abin da ke faruwa idan aka tsallake ƙa'idojin huɗu gaba ɗaya an gan shi ranar Asabar da ta wuce, a zauren wani magidanci da ya ce wa ɗansa gyaran minti biyu ne. Ya bar aksil a wurinsa, ya kafa bakin kwalbar gam kai tsaye a gurbin, ya matsa. Bai fito ba. Ya ƙara matsawa. Ya fito. Don kada bakin robar ya buɗe, sai ya damƙe motar tsakanin babban yatsa da manuni na hannun dama, ya ƙirga talatin cikin natsuwa irin ta ƙwararru.

A kan ashirin da wani abu yaron ya danna rimot.

Wannan daƙiƙar ta cancanci a bi ta dalla-dalla. Gam bai gama kama aksil ba, don haka tayoyin suka juya, juyin da suka yi mako guda suna ƙin yi. Suka watsa ragowar gam a madubin idon magidancin da gaban farar rigarsa. Sannan injin ya yi wani gurnani ya shaƙe, aksil ya daskare har abada. Magidancin ya buɗe yatsunsa don ya ajiye motar. Yatsun ba su buɗe ba. Ya girgiza hannu, motar ta girgiza tare da shi, fitilarta ja tana ƙiftawa. Idan aka sake duba lamarin daga farko, za a ga gyaran ya yi nasara ta fuska ɗaya: aksil ɗin ya daina rawa.

"Abba, ba ni motata," in ji yaron.

A irin wannan hali, abin da ya dace shi ne a jiƙa hannu a ruwan ɗumi da sabulu, a riƙa murza fatar gefe-gefe ba tare da fizga ba. Asiton, wanda ke cikin yawancin man goge fentin farce, yana narkar da gam, sai dai yana cin robar motar ma. Amma a zauren akwai Kawu, tsohon direban tifa, wanda tun farko yake kishingiɗe yana cin goro.

"Kai ɗan nan, ai ba a yi wa aksil haka. Jak ake fara sawa."

Daga nan ya kawo shawarar manja. Manja ya shiga ko'ina ban da tsakanin fata da roba, farar riga ta samu launi na biyu. Ya ce a gwada toka, domin da ita ake cire ƙaro a zamaninsu. Ya ce a sa motar a ribas, watakila ta fita da baya. Aka sa, fitila ta ƙifta. Sai ya ciro auduga daga aljihu, ya ce a goge ɗanyen gam ɗin da ya taru a tsakanin yatsu tukuna. Ya kamata a sani cewa wannan gam idan ya haɗu da auduga zafi yake fitarwa nan take, har yakan yi hayaƙi. Magidancin ya sani yanzu. Maƙwabta ma sun ji lokacin da ya sani.

"To ka gani," in ji Kawu, ya gyara kishingiɗa. "Mu da motar kara muka tashi. Shekara nawa, ba ta taɓa kama hannun kowa ba."

Ana cikin haka aka yi sallama. Surukin magidancin ne, ya biyo hanya ya ce bari ya duba jikokinsa. Gaisuwar babba da hannun hagu ba ta yiwuwa, ɓoye hannun dama a baya kuma ya fi muni. Magidancin ya durƙusa, ya ce, "Barka da zuwa, Baba," ya miƙa hannu biyu, da motar da manjan da guntun audugar. Dattijon ya karɓa, ya riƙe, ya tambayi gida da aiki da gajiya ɗaya bayan ɗaya, bai dubi abin da ke tafinsa ba ko sau ɗaya. Yaron ya sake danna rimot, fitila ta haska tsakanin hannayen biyu.

"Alhaji, kada ka matsa da yawa," in ji Kawu. "Bai gama bushewa ba."