Ire-iren Masu Gaisuwa a Matamaye

Garin Matamaye, hedkwatar gundumar Kance a jihar Damagaram, yana kan titin da ya bi ta Ɗan Barto ya shiga Najeriya ta Kwangwalam ya nufi Daura, kuma wannan zama a bakin iyaka ya tara masa harsunan gaisuwa da dama, har akan gane buƙatar mutum daga harshen da ya zaɓa tun kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Mafi daɗewa a cikin masu gaisuwar shi ne dattijo mai cikakkiyar gaisuwa, wanda bayan sallama yakan fara da kwana, ya bi ta gajiya da aiki da iyali, ya gangara kan ruwa idan damina ce ko sanyi idan hunturu ne, yana sakin hannun abokin gaisuwarsa ya dafa ƙirji ya sake kamawa, sa'annan idan ya ga jerin ya ƙare sai ya ce "to, ina kwana kuma" ya koma farko. Kowace tambaya tana da amsarta da aka gada, domin gajiya babu ita, aiki da godiya, ruwa ya yi gyara, zaman duniya kuwa sai haƙuri, kuma ba a yarda gaskiya ta shigo tsakani ba. Shi ya sa mai zazzaɓi da ke hanyar likita, wato asibiti a bakin mutanen Nijar, yakan amsa "lafiya lau" yana rawar ɗari, sai can bayan an gama ya ce "sai dai jikin ne". Ɗan kabu-kabu, mai haya da babur, da ya yi gangancin tsayawa gaida irin wannan dattijo da inji a kunne, man fetur ɗinsa ne ke biyan kuɗin ladabin.

Daura da shi akwai mushe, sunan da ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, da kusan duk ma'aikacin gwamnati, wanda gaisuwarsa a biro, wato ofis, ba ta wuce "bonjur, sa ba", yana yi ido na kan takarda, kuma "sa ba" ɗin ita ce tambayar, ita ce amsar. Kundin da hukumomin sojan Nijar suka fitar a 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci harshen aiki, amma bakin mushe ya riga ya saba. Faransancin nasa yakan ƙare ne a ƙofar fadar Sarkin Kance, inda yake tuɓe takalmi ya durƙusa ya yi jinjina, wato ɗaga dunƙulallen hannu, yana "ranka ya daɗe", fadawa suna amsa masa a madadin sarki.

Ɗan ci-rani da ya dawo daga Libiya yakan yi 'yan makonni yana "labas", wanda ya dawo daga Ikko kuwa "ha fa", har sai guzuri ya ƙare.

Ɗan kasuwa ya fi su dabara, domin ya haddace bakin gaisuwar kowace ƙabila: Bafulatani "jam wali", Bazabarme "fofo", Babarbare "nda watu". Iyakar jarinsa ke nan. Idan Bafulatanin ya ji daɗi ya zarce da Fillanci yana ba da labarin rugarsu, sai mai shago ya riƙa gyaɗa kai yana "jam, jam", ko da labarin na mutuwar saniya ne.

Samarin fada, wato majalisar shan shayi ta bakin titi wadda ba ta da alaƙa da ta sarki, sun taƙaita komai zuwa haɗa ƙulli da "ya ne", amma da zarar mahaifin budurwar ɗayansu ya ɓullo, sai wanda abin ya shafa ya jefar da sigari ya zube ƙasa yana tambayar gajiya.

Wanda aka fi tsoro dai shi ne mai gaisuwa da roƙon iri, kuma alamarsa ita ce tambayar lafiyar mutanen da bai taɓa damuwa da su ba, har da autan gida da sunansa. Ana auna girman bashin da zai nema da tsawon gaisuwar, saboda haka gogaggen maigida, da ya ji an kai ga tambayar lafiyar tumaki, sai ya riga shi fara kukan tsadar hatsi.