Sabon Keken Dutse da Mai Shi

Keken hawan dutse ya samo asali ne a lardin Marin na jihar Kalifoniya a shekarun 1970, inda matasa ke gangarowa daga dutsen Tamalpais a kan tsofaffin kekuna. Tun daga nan keken yake ta samun ci gaba. Mahayin dai yana nan yadda aka san shi.

Sabawa da sabon keke kan fara ne daga birki. Birkin zamani mai aiki da mai, yatsa ɗaya ya ishe shi. Wanda ya saba damƙa da hannu duka yakan tsayar da keken nan take, shi kuma ya ci gaba da tafiya. A Ingila birkin gaba yana hannun dama, a Amurka yana hagu. Mai keken da aka sayo daga ƙetare yakan koyi wannan darasi a tsakiyar gangare.

Taya mai inci 29 tana taka duwatsu ba gardama, amma a kwana sai an lallashe ta.

A cikin ayari kuwa kowa malami ne. Wannan ya ce a rage iskar taya, wancan ya ce a ƙara. Abokan tafiya suna da kara: sukan jira mai sabon keke a saman tudu. Da ya iso yana haki, sai su tashi, domin su sun huta.

A watan farko, duk wani jinkiri laifin shokozoba ne da ba a gama saitawa ba. Akwai kekunan da ke shekara biyu ana saita su.