Yadda Ake Saita Allon Zane a Linux Ba Tare da An Zana Komai Ba

Da farko, kada ka kuskura ka gwada allon da zarar ka jona shi. Yawancin allunan Wacom suna kama aiki nan take a Linux, domin direbansu na cikin tsarin tun tuni, wannan kuwa haɗari ne ga mai niyyar shan wahala. In alƙalami ya ja layi, yi kamar ba ka gani ba, ka buɗe baƙin akwatin rubuta umarni.

Rubuta xsetwacom list devices. Allon da ka saya guda ɗaya zai fito maka kashi uku ko huɗu: bakin alƙalami daban, magogin da ke gindinsa daban, maɓallan gefen allo daban, wani lokacin har da taɓawar yatsa. Kowanne da suna dogo kamar kirarin basarake, ka zauna ka kwafe shi harafi da harafi.

Sai maɓallai, a nan daɗin yake. Ka ga guda huɗu a jere, ka ɗauka ɗaya, biyu, uku, huɗu ne. Ina! A tsarin X11 an keɓe lamba 4 zuwa 7 don gungura shafi sama da ƙasa da gefe, saboda haka maɓallinka na huɗu sunansa 8. Kada ka bari wani ya tsegunta maka wannan da wuri. Ɗora umarnin soke kuskure a kan lamba 4, ka yi ta dannawa har yatsa ya yi tsami, kana zagin wanda ya sayar maka. Idan ka gano bakin zaren, komai ya zauna daidai, to zare wayar allon ka sake jonawa. Duk abin da xsetwacom ya saita ya tafi, domin ba ya ajiye komai sai ka rubuta masa umarnin a fayil.

Wanda kwamfutarsa ke kan Wayland maimakon X11, kamar yadda Fedora da Ubuntu suke zuwa yanzu, ya fi kowa sa'a, don xsetwacom ba ya aiki a can ko kaɗan. GNOME na da shafin saita allo, KDE ma ta gyara nata a Plasma 6.3 cikin Fabrairun 2025. Guje musu. Abin da linzami zai gama kafin shayi ya huce ai ba na gwanaye ba ne.

In allonka Huion ne ko XP-Pen, saka direban DIGImend, ka ƙara OpenTabletDriver, ka ɗora direban kamfanin a kai, duka rana guda. Za su yi ta kokawa a kan alƙalami ɗaya, kibiya na tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Buɗe manhajar zane ta Krita daga ƙarshe, amma kada ka taɓa takardar zane. Wuce wurin daidaita nauyin hannu. An ce maka alƙalamin na gane mataki 8192 na dannawa, kai kuwa hannunka uku ya sani: a hankali, da ƙarfi, da haushi. Ka yi ta lanƙwasa layin nauyin hannu da ke wurin har la'asar.

In rana ba ta faɗi ba tukuna, sayo ExpressKey Remote na Wacom. Maɓalli 17 gare shi, ga zobe a kai, kowanne na jiran ka gano lambarsa.