Kai Yaro, Ɗan Wa Ne?

Mu mutanen Damargu ba mu iya jiran sanarwa ba. Kafin a liƙa takardar ɗaukar ma'aikata a bangon ofishin magajin garin Tanut, labarin ya riga ya sha shayi a fada, ya je gidan suna, ya dawo ta kasuwa. Wanda ya ce sai ya gani a rubuce, yakan tarar da layi ya kai bakin titi, kowa da ambulan dosiyensa a hammata.

To ma aikin nawa ake liƙawa? Malanta ta kwantiragi, ɗaukar soja da jandarma, sai ƙungiyar agaji in za ta yi ƙidaya a ƙauyuka. Mukan shiga mota mu je Damagaram, kusan kilomita 150, mu yanki katin ANPE na masu neman aiki tun da ana tambayarsa cikin dosiye. Amma sauran aikin duniya, da ƙafa muke nemansa.

Je ka tashar Tanut da sassafe ka ga yadda ake yi. Babbar mota ta ɗauki gero za ta Agadas. Wani saurayi, ba wanda ya kira shi, ya kama bakin tamfol ana ja, ya haye sama ya ƙulle igiya, ya sauko ya bubbuga tayoyi da ƙarfe, ya cika wa direba jarka. Bai ce uffan a kan kuɗi ba. Motar ta je ta dawo, ga shi nan kuma. Ran nan direba ya dube shi ya ce, "Kai yaro, ɗan wa ne?" Shi ke nan, an fara jarrabawa. Tambaya ta biyu ita ce mai wuya: "Wa zai tsaya maka?" In aka samu dattijo ya ce, "Ɗana ne, in ya ɓata ka zo wurina," to an yi karen mota, wata rana kuma direba.

Haka a karar Bakin Birji da ta Belbeji. Yaro ya fara da riƙe wa dillali igiyar raƙumi, yana kasa kunne ana ciniki, ana ba shi na goro cikin la'ada. Ba dillalin da ya taɓa cigiyar yaro a rediyo.

Iyayenmu mata kuwa sun fi kowa iya abin. Uwa ta ji a wurin adashe cewa mijin maƙwabciya yana tuƙa motar wata ƙungiya, sai ga ta da ƙwaryar fura bayan la'asar. A gaisa, a tambayi yara, a koka da tsadar hatsi. Sai ta miƙe tana gyara lulluɓi sannan ta ce, "Af, Yaya, ɗan nan naki fa ya gama lakwal, yana nan zaune. In Malam ya ji ana neman ko mai gadi ne." Ɗan da ake magana yana can yana barci, bai san an kai dosiyensa ba.

Da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, can cikin ƙaramar hukumar Olelewa a kan hanyar Damagaram, mun ɗauka kowa zai sa hular kwano. Ganga 20,000 a rana ai ba wasa ba. Sai dai aikin cikin matata na masu takardar fannin ne. Wanda ya waye sai ya dubi abin da ke kewaye da ita: tankokin mai da ke jiran lodi suna son yaran mota, da mai faci, da makanike, da mai tuwo. Zinariyar Jado ma da ta ɓulla a 2014, wa ya ga tallarta? Waya ce kawai daga ɗan'uwa. Da irin wayar nan ake tafiya cin rani Libiya da Aljeriya in an gama girbi: "Zo, maigidana na neman mai ban ruwa." Wasu sun dawo da kuɗin aure da babur. Wasu hamada ta cinye su, shi ya sa uwa ba ta murna da irin wannan kiran.

Inda gardama ke tashi a fadarmu, a kan masu difilom ne. Dabararsu ita ce estaj: ka je asibiti ko ofis ka ce a bar ka ka taimaka kyauta, a saba da fuskarka, in gurbi ya samu a tuna da kai. Tana ci, na ga waɗanda ta yi wa rana. Amma wani abokinmu ya dage cewa duk wannan sanayya ce aka sa wa riga. "Maraya fa? Baƙo fa? Wa zai kai musu fura?" Ni dai na ce masa da bambanci tsakanin wanda ya nuna hannunsa aka yaba da wanda aka cusa don kawunsa babba ne, sai dai ban iya musa masa maganar maraya ba.

Mai shayinmu, wanda ƴarsa ke estaj a wani wuri tun bara, ya ajiye buta ya ce shi abin da ya dame shi daban ne. Kullum shi ke biyan kuɗin kabu-kabu, ita ke buɗe ofis, ita ke rufewa, shugaban wurin kuma sai "a ƙara haƙuri". Ya ce jibi zai sa babbar riga ya je da kansa ya gaida shugaban, ya tambaye shi haƙurin nan har zuwa wane wata ne.