Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Duwatsun Arenberg

Zuwa ga duwatsun da aka jera a hanyar dajin Arenberg, arewacin Faransa.

 Na rubuto ne in ba ku shawara: duk wanda ya zo muku da zancen kwalta, komai daɗin bakinsa, kada ku saurare shi. Gaba ɗayanku ba ku kai kilomita 3 ba, amma tun 1968, lokacin da aka fara sa ku cikin tseren Paris-Roubaix bisa shawarar Jean Stablinski, wanda ya taɓa haƙar kwal a yankinku, babu mahayin keken da ya ji sunanku gabansa bai faɗi ba. Ba ƙwararru kaɗai ba. A jajibirin tseren, dubban masu hawa don nishaɗi kan biya kuɗinsu su zo ku jijjiga su: haƙora na haɗuwa, tafin hannu ya yi bororo, gorar ruwa ta yi tsalle ta bar mai ita. In an yi ruwa, kamar a Oktoban 2021, sai ku yi santsi kamar an kwara muku miyar kuɓewa, mutum ya fito caɓa-caɓa da taɓo, uwarsa ma sai ta ji murya za ta gane shi. Wannan azabar ita ce jarinku. Ranar da kuka yi sumul, kun zama hanya kamar kowace hanya, ko kare ba zai waiwaye ku ba.

Za a ce kuna da mugunta, a kafa hujja da Johan Museeuw, wanda ya fasa ƙoƙon gwiwarsa a kanku a 1998 har ya kusa rasa ƙafar. Gaskiya ne. Sai dai ku ba ku taɓa yaudarar kowa ba, muninku a fili yake, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Shi kansa Museeuw bai yi fushi ba, ya dawo ya ci tseren a 2000 da 2002. Wanda kuwa ya zo shaƙatawa yana da birki, yana da ƙafa. In abin ya fi ƙarfinsa, ya sauka ya tura, ba wanda zai kai shi ƙara.

Hujjar da ta fi nauyi tana bakin mai kai buhun masara kasuwar ƙauye a kan keke da damina, yana ratsa kwazazzabai, mai faci ya san shi kamar ɗan gida. Shi zai ce ƙoshi ne ya sa mutum sayen wahala da kuɗinsa. Ba zan musa masa ba. Amma wahalar da aka ɗora wa mutum dabam, wadda ya ɗauko da hannunsa dabam. Shi tilas ce ta sa shi bin tasa hanyar, baƙinku kuwa ganin dama ne ya kawo su, da yamma kuma wanka da ruwan zafi na jiransu.

Saboda haka, in motar kwalta ta tsaya a bakinku, ku yi mata kwatancen hanyar mai buhun masara. Shi ya daɗe yana jiranta.

Naku har kullum,
Mai ƙaunarku daga nesa.