Zanin gado mai ƙyalli

A Yalwan Damai, idan aka tashi haɗa wa amarya kayan ɗaki, ba a cika tambayar wanda zai kwanta ba. Gwaggo ce za ta hau mota daga Birnin Kudu zuwa Kantin Kwari a Kano, ta zaɓo zanin gado mai santsi da ƙyalli, har da fulawoyi da geza. 'Yan ganin ɗaki su yi ta guɗa.

To, bari bazara ta shigo. Zanin nan na roba ne, ba ya shan gumi. Cikin watan Afrilu ango zai juya sau ɗaya, zani ya manne masa a baya kamar ledar alewa, katifa ta tsaya tsirara. Kafin tsakar dare ya ja tabarmarsa zuwa tsakar gida, sauro na yi masa barka da zuwa.

Auduga ita ce mai shan gumi ta bar iska ta ratsa, shi ya sa tsofaffi suka riƙe gwadon saƙi: da hunturu a lulluɓa, da zafi a shimfiɗa. Amma je ka faɗa wa Gwaggo haka. Cewa za ta yi, "Ɗan nan, so kake dangin miji su ce mun kasa?"