Ranar da Na Gasa Dangin Amarya

Tun ana zuba harsashin ginin uwargida ta faɗi nata. Ta ce, "Alhaji, in an gama a sayo esi irin na bango guda takwas ko goma a jera, kowa ya huta." Na yi mata irin kallon da malamin allo ke yi wa ƙolon da ya kawo wanki da gyara a kowane layi. Na ce mata wannan harka ce ta maza, kuma ni na ga duniya.

Duniyar da na gani ba ta wuce wani ɗakin cin abinci na otal a Saudiyya ba, shekarar da na je Umara. Na duba bango ban ga na'ura ba, na duba taga ban ga komai ba, amma sanyi na saukowa daga silin kamar rahama. Da na tambaya aka ce mini akwati ne guda ɗaya ake ajiyewa a waje, galibi a saman rufi. Kwampireso da fankoki da duk wani tarkacen sanyi suna cikinsa, shi kuma ya turo iska cikin gini ta bututu. Masu sana'ar suna ce masa fakej. Tun ranar na ƙudurta cewa ɗan ɗakin taron da nake ginawa a gefen Kano, mai cin mutum 150 in an matsu, sai ya sha fakej ko da za a yi yaya.

Sabo dai da na ji kuɗinsa sai da na nemi kujera. Nan wani dillali ya kai ni wajen masu kayan gwanjo, inda na iske shi a ƙarƙashin rumfa, fari-fari, ya kai girman ƙaramar mota, ga tambarin tsuntsayen wata ƙasa a kansa.

"Yallaɓai, wannan ɗan Amurka ne," in ji mai kayan. "Daga saman wani kanti aka sauko da shi. Tan goma ne cur. Kuma biyu-cikin-ɗaya ne, yana sanyi yana ɗumi."

Maganar ɗumin nan ita ta ƙarasa ni. A garin da zafi ke kai maki 40 a watan Afrilu, ni ne nan na tsaya ina lissafin hunturu. Na hango tsofaffi sanye da rigunan sanyi suna shigowa walima suna sa mini albarka. Mai kayan bai tambaye ni faɗin ginina ba, ni ma ban ga dalilin gaya masa ba. Muka yi cinikin biri a sama, na biya da kuɗin da nake tarawa don komawa Umara, na fito ina jin kamar na cuce shi.

Tan goma ya hana ni barci a daren. Na san tan goma na siminti buhu 200 ne, don haka da safe na ɗauko hayar babbar mota mai ƙugiya, irin wadda ke ɗaga kwantena. Direba ya ɗaura igiya, ya yi bismilla, ya taɓa giya, sai ga akwati ya tashi sama yana lilo kamar kwalin taliya. Ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, wannan ai da ƙarti takwas ka samu da sun ciccibe maka shi." Kuɗin mota dai bai rage ko sisi ba.

A nan ne wani abokina ya tausaya mini ya turo ɗansa, injiniya, yaron da na halarci sunansa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya zagaya akwatin sau biyu, sannan ya fara yi mini karatu a gaban leburorina.

"Baba, tan ɗin nan ba na nauyi ba ne. Nauyinsa bai fi rabin tan ba. Tun zamanin da Amurkawa ke sanyaya gini da ƙanƙara suke wannan lissafi. Zafin da zai narkar da tan ɗaya na ƙanƙara cikin awa 24, shi suke kira tan ɗaya na sanyi. Da ma'aunin masu sana'a BTU 12,000 ke nan a kowace awa, kwatankwacin esin da ake ce wa mai doki ɗaya da rabi a kasuwa."

Na ce, "To nawa fa?"

Ya ce, "Naka kamar irin waɗancan guda goma ne."

Na waiwaya don in tabbatar babu wanda zai kai wa uwargida wannan magana.

Daga nan ya jero mini tambayoyin da ya kamata a yi kafin a taɓa aljihu. Tsawon ɗakin nawa, faɗinsa nawa, silin ɗin ƙafa nawa daga ƙasa? Tagogin suna kallon yamma ne, inda ranar la'asar ke duka? Mutum nawa za su zauna? Ya ce kowane ɗan Adam a zaune yana fitar da zafi kamar tsohon ƙwan lantarki mai wat 100, in kuma ya tashi rawa abin ya ninka. Ya ce na'urar da ta yi wa ɗaki kaɗan za ta wuni tana nishi ba sanyi, wadda ta yi masa yawa kuma za ta riƙa tashi tana mutuwa kowane ɗan lokaci, ta gaji da wuri, da damina ta bar mutane cikin danshi. Ba ni da amsar ko ɗaya. Tsawon ɗakin ma sai da aka kira birkila.

Sai ya goge wani ɗan faranti da ke jikin akwatin da bakin rigarsa ya karanta. Wutar Amurka tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Ya ce sa'ata ɗaya, nawa mai bolt 460 ne, irinsa yana iya tafiya da wutarmu mai layi uku, sai dai zai yi gudu a hankali ya zubar da kusan kashi ɗaya cikin shida na ƙarfinsa. Da mai bolt 208 na kwaso, in ji shi, da sai na haɗa masa da taransifoma nasa na kansa. Tan goma ya koma takwas da 'yan kai tun ban kunna ba. Na ce masa ai ginina layi ɗaya aka ja masa. Ya yi shiru irin na likitan da ya ga hoton ƙirji.

Tun daga ranar na daina gina ɗakin taro, na koma gina wa akwati gida. Kafinta ya ce rufin kwano da katako ba zai ɗauke shi ba ko da kwana ɗaya, aka zuba masa dandamalin kankare a bayan gini. Aka fasa bangon da aka gama fenti shekaranjiya. Aka sauke rabin silin. Masu ƙera akwatin ƙarfe suka lanƙwasa bututu, ɗaya na kai iska, ɗaya na dawo da ita, aka naɗe su da soso mai ƙyalli, don injiniya ya ce cikin silin a ƙarƙashin kwano da rana tsaka ko ƙwai ka ajiye zai dahu. Aka jawo layi uku. Janaretona da nake alfahari da shi, da aka gwada, ya yi tari sau biyu ya yi shiru, domin kwampireso a lokacin tashi yana zuƙar wuta ninki biyar ko shida na abin da yake ci in ya daidaita. Aka nemo babba, na haya. Gwajin farko akwatin ya yi wata ƙara kamar injin markaɗe ya haɗiye cokali, ashe layukan ne aka juya, yana juyawa da baya. Injiniya ya musanya waya biyu, ya haɗa wasu da hannunsa a cikin akwatin, sai ga sanyi ya sauko daga silin. Wallahi sai da idona ya kawo ruwa.

Saura abu ɗaya, ɗan makunnin bango da ke auna zafi yana ba akwatin umarni. Na asali bai biyo jirgi ba. Injiniya ya ce in jira shi ya dawo daga Kaduna ranar Litinin. Ni kuwa na riga na karɓi kuɗin wata liyafar biki ta ranar Asabar, kuma na yi wa uwar amarya alkawarin cewa 'yan'uwanta sai sun nemi mayafi. Na sayo makunni a kasuwa, na kira mai yi mini wayarin, mutumin kirki wanda bai taɓa cewa bai iya abu ba. Ya ɗaura wayoyin kala-kala da safiyar Asabar. Ya ce a gwada. Na tuna kuɗin litar dizal, na ce ai an gwada rannan.

Da yamma ɗaki ya cika. Leshi, shadda, gwaggwaro, turaren wuta, humra, ga masu kiɗa. Na shiga cikin babbar riga na danna makunni da kaina. Ya nuna 72. Mai wayarin ya ce, "Alhaji, 72 ai wuta ce, a gida 16 muke sawa." Muka yi ta danna shi ƙasa har ya ƙi sauka. Daga baya na ji cewa ma'aunin Amurkawa ne, 72 ɗinsu wajen 22 ne a namu.

Bayan minti goma na ga wata hajiya ta mai da katin gayyata mafici. Bayan sha biyar kowa ya yi koyi da ita. Kwalliyar amarya, wadda aka ce an yi awa uku ana zanawa, ta fara gangarowa a hankali ta nufi haɓa. Girar wata ƙawarta ta bar wurin aikinta. Ango a cikin malum-malum ya yi zuru, gumi na ɗiga daga bakin hularsa. Mai gabatarwa ya ce a makirufo, "Jama'a a yi haƙuri, esin Amurka ne, sai ya ɗauki zafi tukuna." Bai san gaskiyar da ya faɗa ba.

Can sai akwatin ya kashe kansa. Yana da wata 'yar na'ura a ciki da ke yanke aiki in matsin gas ya yi yawa, wato dai ya fi ni hankali. Na ce a sake tayar da shi. Aka tayar. Uwar amarya ta iso gabana, gyale a kafaɗa, ta ce, "Alhaji, tsakani da Allah, me muka yi maka?"

Na zagaya baya da gudu in ga me ke faruwa. Abin da na tarar har gobe in na tuna sai in zauna. Direbobin baƙi da yaran unguwa sun yi wa akwatin zobe, suna miƙa fuska suna lumshe ido. Iska mai sanyi ƙalau ke fitowa daga fankarsa. Maigadina ya jera ledojin ruwa a kan ragar yana sanyayawa. Da ya gan ni ya washe baki ya ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya saka da alheri, kaya ya yi kyau!"

Na kira injiniya a waya ina haki. Ya saurara, sannan na ji yana ƙoƙarin haɗiye dariya saboda girman furfurata.

"Baba, ka kashe shi yanzu. Irin wannan na'ura ba ta ƙirƙirar sanyi, kwasar zafi take yi daga wani wuri ta zubar a wani. Akwai wani bawul da ke juya mata hanya. Wasu kamfanoni sai an ba bawul ɗin wuta yake yin sanyi, wasu kuma sai an ba shi wuta yake yin ɗumi. Makunnin da kuka ɗaura an saita shi a kan akasin naka. Yanzu haka kana kwaso zafin unguwa kana zuba wa baƙinka."

Ɗan hakin da ka raina. Na biya motar ƙugiya, na biya kankare, na biya layi uku, ashe abin da zai tsone mini ido wata 'yar siririyar waya ce mai ruwan lemo da ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba.

Aka buɗe ƙofofi da tagogi, aka kwaso kujeru aka ƙarasa biki a filin ajiye motoci, inda kowa ya yarda an fi samun iska. Na mayar da kuɗin haya har da ƙarin na mai kwalliya, wadda aka sake ɗaukowa a adaidaita sahu. Da na koma gida uwargida ba ta ce uffan ba. Ta kawo mini tuwo, ta kunna ɗan esin bangonmu da rimot, ta ajiye rimot ɗin a gabana, ta fita.

Ranar Litinin injiniya ya gyara abin cikin minti biyar, bai ma cire agogonsa ba. Yanzu akwatin yana sanyi yadda ya kamata, in an wanke masa matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa kusan duk mako, in kuma mai biki ya yarda ya biya kuɗin dizal daban. Ɓangaren ɗumin da na biya kuɗinsa da murna bai sake aiki ba tun ranar, sau ɗaya ke nan a rayuwarsa ta Kano.

Na sa an rubuta wa wurin suna mai daɗi a allo, da fitilu kewaye. Amma in kana da biki a wajena, kada ka wahalar da kanka da wannan sunan. Ka ce wa mai adaidaita ya kai ka Tanderu, zai sauke ka a bakin ƙofa.